Dogon harsashi a bindigar ɗuri: abin da yake ƙara wa maharbin barewa a Amurka, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Duk wanda ya tashi a ƙauye a ƙasar Hausa ya san adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka, wasu kuma harba-ka-ruga. Ina yaro na sha tsugunawa gefen wani kawuna maharbi ina kallon yadda yake ɗura tasa. Zai zuba albarushi a tafin hannu ya auna da ido, ya tuttula ta bakin bindigar, ya cusa tsumma, ya bi da sandar ƙarfe yana daka har sai sandar ta fara tsalle, sannan ya zuba gutsattsarin dalma ya sake toshewa. Harbi ɗaya ke gare shi. In ya kuskure, kafin ya gama sabon ɗuri gada ta kai wani dajin. Shi ya sa bai taɓa gaggawar jan kunama ba, kuma shi ya sa har yau nake ganin girman wannan irin farauta.

A Amurka, inda bindigogin zamani suka cika kantuna, akwai ɗimbin maharba da ke ajiye na zamanin da gangan duk kaka, su ɗauki bindigar da ake ɗurawa ta baki su shiga daji neman barewa. Galibin jihohin ƙasar sun ware musu kwanaki na musamman a kalandar farauta. A tsakaninsu kuwa akwai wata tsohuwar gardama da ba ta mutuwa: me ya kamata a tura cikin bututun? Wasu sun tsaya kan dunƙulen dalma zagayayye da ake naɗewa da ƙyalle, irin na kakanni. Wasu sun koma ga ƙaramin harsashi na zamani da ake sanya wa rigar roba. A tsakiya akwai dogon harsashin dalma mai cika bututu, mai ɗan tsini ko faffaɗan kai. A kansa nake son tsayawa, domin shi ne aka fi yi wa fahimtar da ba ta dace ba. Mutane da yawa suna sayensa da zaton zai ba su nisa. Abin da yake bayarwa a zahiri nauyi ne da huda, kuma ko su ɗin ma sai an cika masa sharuɗɗansa.

Dabbar da ake magana a kanta ba barewarmu ta Sahel ba ce, sunan kawai muka ara mata. Namijinta yana da ƙahoni masu rassa kamar busasshen icce, yana zubar da su duk shekara wasu su tsiro. Wadda ta fi yawa ita ce mai farar wutsiya, ta dazuzzukan gabashi da tsakiyar ƙasar. A yamma akwai mai manyan kunnuwa, sannan ga ƙatuwar 'yar uwarsu da ake kira elk, wadda namijinta kan haura kilo 300. Wajen shekarar 1900 farautar kasuwa ta kusa ƙarar da mai farar wutsiya, ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan ko ƙasa da haka. Dokar Lacey ta 1900 ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, dokar Pittman-Robertson ta 1937 kuma ta karkata harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji. Yau ana kiyasta yawanta a wajen miliyan 30. Wannan yalwar ce ta ba hukumomi damar ƙara wa masu bindigar ɗuri nasu kwanakin.

Babban bambancin bindigar ɗurin Amurka da adakarmu yana cikin bututu. Cikin adaka sumul yake. Tasu kuwa an yi mata tsagi-tsagi a murɗe daga gindi har baki, domin harsashi ya fito yana juyi kamar katantanwa. Duk yaron da ya taɓa murza katantanwa ya san muddin tana juyi da ƙarfi tana tsaye kan tsininta, da juyin ya yi sanyi sai ta fara tangaɗi ta kife. Haka harsashi yake a iska. Matsalar da ta dami maƙeran Turai shekaru aru-aru ita ce, kafin harsashi ya kama tsagin dole ya matse a bututu, kuma abin da ya matse da wuya ya shiga ta baki, balle bayan harbi biyu ko uku in tokar albarushi ta taru. Maƙeran Jamusawa da suka zauna yankin Lancaster a jihar Pennsylvania cikin ƙarni na 18, da 'yan uwan nan biyu Jacob da Samuel Hawken na birnin St. Louis daga baya, sun dogara ne da dabarar ƙyalle: a yi dunƙulen ya ɗan gaza faɗin bututu, a naɗe shi da ƙyalle mai maiƙo, ƙyallen ya kama tsagin ya juya dalmar.

Sojoji ne suka kawo dogon harsashi fili. A 1849 wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya kammala harsashi mai tsini da rami a gindi. Yana shiga bututu cikin sauƙi, amma da albarushi ya tashi sai ƙarfin iskar ya buɗa gindin kamar bakin ƙaho, dalmar ta cika tsagin. James Burton na maƙerar gwamnati da ke Harpers Ferry ya gyara shi, sojin Amurka suka karɓe shi a 1855. Da shi aka yi yaƙin basasar ƙasar daga 1861 zuwa 1865, a bindigogin Springfield da Enfield, kuma irin yadda yake farfasa ƙashi na daga cikin dalilan da likitocin lokacin suka yi ta yanke hannuwa da ƙafafun sojoji. Amma maharba ba su rungume shi gaba ɗaya ba. A 1863 wani hafsan Ingila da ke farauta a Indiya, James Forsyth, ya rubuta yana kare zagayayyen dunƙule da albarushi mai yawa, bisa hujjar cewa a tazarar da ake harbin naman daji ya fi tafiya a miƙe. Ke nan gardamar ta haura shekara 160.

Bindigogi masu kwanso sun zo sun ture na ɗuri gefe, sai 'yan tsiraru masu sha'awa suka riƙe su, irin ƙungiyar da aka kafa a 1933 wadda ke taronta a garin Friendship na jihar Indiana. Farfaɗowar gaske ta zo ne a 1970, lokacin da kamfanin Thompson/Center ya fitar da bindigarsa mai suna Hawken, sannan ya haɗa ta da dogon harsashinsa Maxi-Ball. Daga baya Hornady ya kawo Great Plains, kamfanin Lee kuma ya sayar da mazubin harsashinsa REAL ga masu narka dalma a gida.

To me dogon harsashin ke ƙarawa? A ɗauki bututun da ya fi yawa a hannun maharba, mai faɗin rabin inci. Zagayayyen dunƙulensa yana da nauyin giren 177, wato kimanin giram 11 da rabi. Maxi-Ball na wannan bututun giren 370 ne, kusan giram 24. Great Plains giren 385. Faɗinsu ɗaya, amma nauyin ya ninka. Dunƙule ba shi da hanyar ƙara nauyi sai an ƙara faɗin bututu, shi kuwa dogo tsawo kawai za a ƙara masa.

Wannan ninkin yana aiki a wuri biyu, a iska da cikin nama. Da ɗurin farauta na yau da kullum, wajen giren 90 na albarushi, dunƙule kan bar baki da gudun kusan mita 550 a daƙiƙa, dogon kuwa wajen mita 420. A farko dunƙule ne ke gaba. Sai dai siffar ƙwallo ba ta iya ratsa iska, kuma ba shi da nauyin da zai yi mata gardama. Kafin ya cika yadi 100 ya zubar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Dogon harsashi a wannan tazarar yana riƙe da fiye da rabin nasa, kuma dama ya fara da mafi yawa. Jefa lemun tsami da jefa dutse mai girmansa ke nan. In sun isa jikin dabba kuma, mai nauyin ne ke iya fasa ƙashin kafaɗa, ya ratsa huhu biyu, ya fita ta ɗaya gefen.

Fitar nan ta ɗaya gefen ita ce, a ganina, hujja mafi ƙarfi da dogon harsashi ke da ita. Ka kwatanta safiyar Nuwamba a daji mai duhuwa, ganye ya zube ya rufe ƙasa, sanyi na cizon yatsu. Maharbi ya ja kunama, farin hayaƙi ya turnuƙe gabansa, na 'yan daƙiƙu ba ya ganin komai sai jin ƙarar karyewar rassa. Da hayaƙin ya washe babu barewa. Ko an same ta a huhu takan yi gudun yadi hamsin ko ɗari kafin ta faɗi. Abin da zai kai shi gare ta ɗigon jini ne a kan ganye. In rami ɗaya ne, kuma a sama yake, jinin na iya taruwa a cikin ƙirji bai zubo ba, sai dabba ta mutu a cikin ƙaya ba a gan ta ba, nama ya lalace, rai ya tafi a banza. Rami biyu, musamman in na fita yana ƙasa-ƙasa, yana barin sawun da ko sabon maharbi zai iya bi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke da harbi ɗaya kuma yake buƙatar rabin minti ko fiye kafin ya sake ɗuri.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Sharaɗi na farko shi ne murɗin bututu. Ana auna shi da tsawon da harsashi zai tafi kafin ya yi juyi ɗaya cikakke: in an ce 1:66, juyi ɗaya ne a inci 66. Dunƙule ba ya neman juyi mai yawa tunda ba shi da kai ba shi da gindi, duk ta inda ya juya siffarsa ɗaya ce. Dogon abu kuwa iska tana ture kansa tana neman kifar da shi, don haka gwargwadon tsawonsa gwargwadon saurin juyin da yake bukata. A 1879 wani malamin lissafi na Ingila, Alfred George Greenhill, ya fitar da ƙa'ida mai sauƙi: a ninka faɗin harsashi da kansa, a ninka da 150, a raba da tsawonsa, duka da inci. Gwada da bututun rabin inci. Dunƙule zai ba ka kusan 75. Harsashi mai tsawon kashi takwas cikin goma na inci zai ba ka kusan 47. Mai tsawon inci ɗaya da sulusi zai ba ka kusan 28. Waɗannan lambobi uku kusan su ne murɗin da ake samu a kasuwa: 1:60 zuwa 1:70 a bindigogin dunƙule, 1:48 a irin Hawken ta 1970 da aka yi don ta ɗauki duka biyun, sai 1:28 a na zamani.

Wanda ya sayi dogon harsashi mai giren 460 ya tura a bututun 1:66 zai ga sakamakon a takardar gwaji. Maimakon zagayayyen rami, zai tarar da dogon tsagi, alamar harsashin ya iso a kwance. Mai karatun hadisi zai tuna da tambayar da Adiyyu ɗan Hatim ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan farauta da mi'iradi, wata sanda mai tsini da ake jifan dabba da ita, inda aka bambance tsakanin abin da ya huda da tsininsa da abin da ya buge da faɗinsa. Hukuncin cin naman na malamai ne, amma lurar da ke ciki kowane maharbi ya san ta: abin da ya zo a kaikaice ba ya huda yadda ake so, kuma ba a san inda zai nufa a cikin jiki ba. Akwai togaciya ɗaya mai ban sha'awa. Bindigogin yaƙin basasa murɗinsu a hankali yake, 1:72 a Springfield, 1:78 a doguwar Enfield, amma sun riƙe harsashin Minié a miƙe. Dalili shi ne ramin gindinsa ya mayar da nauyin gaba, yana tafiya kamar kibiya, kai na ja gindi na bi.

Zurfin tsagin ma yana da tasa rawar. Bututun da aka yi don ƙyalle tsaginsa na da zurfi domin ƙyallen ya samu wurin shiga. Dogon harsashi ba shi da ƙyalle, dalmar ce da kanta za ta cike tsagin, in ya yi zurfi da yawa sai iskar albarushi ta riƙa kurɗawa ta gefe, tana lasar dalmar tana karkatar da harbin. Saboda haka ya fi jituwa da tsagi mara zurfi. Wasu maharban kan sa ɗan faifan ulu tsakanin albarushi da gindin harsashi don toshe wannan kafar, kuma sau da yawa hakan kaɗai kan tattara harbin wuri ɗaya.

Sharaɗi na biyu shi ne taushin dalma. Zallar dalma ake so, wadda farce ke iya yi wa zane. Da ita ne bugun albarushi ke iya taƙaita harsashin ya kumbura ya kama tsagi, da ita ne kuma yake buɗewa kamar laima in ya shiga nama. Masu zubi a gida da ke narka dalmar daidaita tayar mota sukan sha mamaki, domin an gauraya ta da wasu ƙarafa ta yi tauri: ɗuri ya yi wuya, harbi ya warwatse, in ma ya samu dabba ya wuce kamar an soka tsinke. A jikin harsashin akwai zobba-zobba da ake cika wa maiƙo, a da kitse da kakin zuma, yanzu har da na kanti. Aikin maiƙon shi ne ya tausasa tokar da ke manne wa bututu. A tsananin sanyi yakan daskare, a zafin Satumba kuma yakan narke ya jiƙa albarushi, shi ma wani dalilin sa faifan ulu ke nan.

Siffar kai ita ce inda maharba suka fi saɓani, kuma kowa da gaskiyarsa. An daɗe ana yi wa Maxi-Ball ƙorafin cewa a kan ƙaramar barewa yakan ratsa bai buɗe ba, saboda an yi shi ne da tunanin manyan dabbobi. Shi ya sa kamfanin ya fito da Maxi-Hunter mai rami a kai. Masu rami a kai kuma nasu aibin shi ne, in an cika musu albarushi aka harba kusa, sukan buɗe da wuri su tarwatse a kafaɗa. Ni dai in za a tambaye ni, mai faffaɗan kai na zallar dalma ya fi kwantar mini da hankali. Ko bai buɗe ba, ramin rabin inci ya riga ya kusanci abin da harsasan zamani da yawa ke kaiwa bayan sun buɗe, kuma faɗin kan yana yanka nama maimakon ya ture shi gefe.

Yanzu ga inda nake ganin ake yaudarar kai. Tunda dogon harsashi yana riƙe ƙarfinsa a nesa, sai mutum ya ɗauka zai iya harbi daga nesa. Ƙarfi daban, samun wuri daban. Harsashin da ya fita da gudun mita 420 a daƙiƙa lanƙwasa yake yi kamar jifa. In an saita shi daidai a yadi 100, a yadi 150 ya sauka kusan taƙi guda, a yadi 200 ya sauka fiye da kamu ɗaya. Wurin da ake nema a jikin barewa, huhu da zuciya a bayan kafaɗa, bai wuce faɗin farantin cin abinci ba. Kuskuren yadi 25 wajen kiyasin tazara, wanda kowa ke iya yi a gangaren dutse ko da magariba, ya isa ya mayar da harbin ƙirji ya zama karyayyar ƙafa. Ƙara da cewa inda doka ta hana madubin hangen nesa, da ido da ɗan tsinin ƙarfen bakin bindiga ake saiti, kuma a yadi 150 tsinin nan yana rufe rabin dabbar. Barewar da aka karya wa ƙafa ko aka fasa wa tumbi takan yi kwana tana wahala kafin ta mutu. Yadi 100, ko ɗan sama kaɗan ga wanda ya sha gwaji, nan ne iyakar da nake ganin mutunci ya tsaya.

Ga kuma naushin baya. Ninka nauyin harsashi na nufin bindiga za ta ƙara dukan kafaɗa sosai, balle irin tsohuwar ƙota mai lanƙwasasshen ƙarfe a gindi. Wanda ya sha wannan dukan sau goma a wurin gwaji yakan fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin wuta ta tashi, shi bai ma sani ba. Da yawa sun gano cewa rage albarushi zuwa giren 70 ko 80 yana tattara harbinsu, kuma har yanzu harsashin na ratsa barewa. A gaskiya kuma, ga mai farauta a kurmin da ba ya gani fiye da yadi 60, dunƙulen kakanni ya wadatar, ya kashe barewa ba adadi tun kafin a haifi Minié.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da dogon harsashi, wanda ya kamata a faɗe shi da babbar murya. Ƙyalle yana riƙe dunƙule gam a kan albarushi. Dogon harsashi kuwa, da zarar tsagi ya zane shi a baki, sauran tafiyar yakan sulale cikin sauƙi, musamman a tsabtataccen bututu mai maiƙo. Maharbi ya rataya bindiga baki ƙasa, ya yi tafiyar awa uku yana hawa da sauka, ko ya ɗora ta a mota tana girgiza, sai harsashin ya matsa gaba ya bar fili tsakaninsa da albarushi. In aka harba a haka, harsashin ya zama toshiya, bututu na iya kumbura ko ya fashe a hannu. Maganin yana da sauƙi. Bayan ɗuri na daidai, a bar sandar ɗuri a ciki a yi mata zane daidai bakin bututu. Lokaci zuwa lokaci a cire hular ƙyasta wuta, wato ɗan ƙarfen da ake bugawa ya kunna albarushi, a zura sandar a duba. In zanen ya hau sama, a sake danna harsashin ya zauna. Zanen nan kuma shi ke tona ɗuri biyu a kan juna, kuskuren da ruɗewa ke jawowa. Albarushin bindigar zamani mara hayaƙi kuwa bai da wuri a irin wannan bututun sam. Abin da aka yarda da shi baƙin albarushi ne ko madadinsa irin Pyrodex da ya fito a tsakiyar shekarun 1970, kuma da mudun awo ake auna su, a zuba daga mudun, ba kai tsaye daga gora ba.

A nan ne zan waiwayo gida da magana ɗaya. Duk amfanin da aka lissafa ya rataya ne a kan murɗaɗɗen tsagi da ƙarfen da aka gwada ƙarfinsa a masana'anta. Adaka ba ta da ko ɗaya. Dogon harsashi a bututu sumul tuntsurawa zai yi, nauyinsa kuma zai ƙara matsin da ke cikin bututun da ba a san iyakar juriyarsa ba. Mun ga isassun maharba masu guntayen yatsu.

Abin da ya raya dogon harsashi har yau, bayan an samu abin da ya fi shi gudu, doka ce. A 1985 Tony Knight ya fitar da bindigarsa MK-85, wadda ake ɗurawa ta baki amma siffarta da makunninta na zamani ne. Da ita da ire-irenta aka yaɗa harsashi mai rigar roba: ƙarami, mara nauyi, mai gudu, robar ta kama tsagi ta faɗi bayan ya fita. Da madubin hangen nesa, irin wannan bindigar na kaiwa yadi 200. Sai hukumomin wasu jihohi suka ce an kauce wa manufa, domin an ba masu ɗuri kwanaki masu kyau ne bisa sharaɗin cewa makaminsu gajeren zango ne. Jihar Colorado, wadda kwanakin ɗurinta ke faɗowa a Satumba lokacin da elk ke barbara, ta hana rigar roba da madubi da curarren albarushi a wannan lokacin. Maharbin da ke son nauyin da zai ratsa elk a can, dogon harsashi mai cika bututu ne zaɓinsa. Pennsylvania ta bi wata hanyar: tun 1974 tana da kwanakin da sai bindiga mai ƙyastu da ƙanƙara, waɗanda ke farawa bayan Kirsimeti, cikin dusar ƙanƙara. Dokokin nan suna canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma kowane maharbi yana duba littafin jiharsa kafin ya fita. Ina goyon bayan irin wannan taƙaitawar. Ita ce ke tilasta wa mutum ya koyi iska da sawu da sanɗa, ya matso kusa.

Ƙalubalen da ke gaban dogon harsashi yanzu dalmar ce kanta. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. A Amurka damuwar ta taso ne daga tsuntsaye masu cin mushe, musamman ƙatuwar ungulun California da ta kusa ƙarewa, waɗanda ke haɗiye ɓurɓushin dalma a kayan cikin da maharba ke bari a daji. Harsashin ɗuri mai tafiya a hankali ba ya rugurgujewa kamar na bindigar zamani mai tsananin gudu, amma yana barin nasa, shi ya sa ake yanke naman da ke kewaye da ramin a zubar, ba a ba yara da masu ciki. California ta sa hannu kan doka a 2013, ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2019.

Madadin da ake da shi jan ƙarfe ne, kuma yana karo da duk abin da aka gina dogon harsashi a kai. Ya fi dalma tauri nesa ba kusa ba, ba ya kumbura ya cike tsagi da bugun albarushi, don haka sai an ƙera masa zobe ko gindin roba da zai yi wannan aikin. Kuma bai kai ta nauyi ba: inda dalma ke da giram 11.3 a kowane curi mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, jan ƙarfe bai cika 9 ba. Don a samu nauyi ɗaya dole a ƙara tsawo da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarin tsawo kuma, bisa lissafin Greenhill, yana neman murɗi mai sauri. Bindigar zamani mai 1:28 na iya ɗauka. Tsohuwar Hawken mai 1:48 da mutum ya gada daga mahaifinsa sai dai a nema mata gajere mara nauyi, ko a sauya mata bututu.